Yadda Matashi Zai Gina Sunansa A Banki Kafin Ya Shiga Harkar Filaye

A Najeriya banki ba ya ba ka kuɗin sayen gida don an san ka da riƙon amana a unguwa. Rubutaccen tarihinka yake dubawa, wanda ke hannun kamfanoni uku masu lasisin CBN: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Rancen da ka ci a banki yana can, maƙale da BVN ɗinka.

Idan ba ka kai shekara 18 ba, rance ba naka ba ne tukuna. Ka yi NIN, iyaye su buɗe maka asusun yara, kuɗin ɗinki ko gyaran waya su riƙa bi ta ciki. Adashe yana tara jari, amma banki ba ya ganinsa. In ka kwashi naka, zuba shi a asusu. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da BVN, domin harafi ɗaya kan tsayar da takarda wata da watanni.

Da ka cika 18, mayar da asusun naka, ka bar shi ya yi wata shida ana shiga ana fita. Sannan ka karɓi ƙaramin abu da za ka iya biya ko kasuwa ta yi sanyi, kamar keken ɗinki ko waya. Mai gudun riba yana da Jaiz da TAJBank, inda ake yin murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar maka a kan farashi sananne, ka biya kaɗan-kaɗan. Biya kwana biyu kafin wa'adi, saboda ranar biya ce netwok ke yawan ɗaukewa.

Inda yara suka fi faɗawa shi ne manhajojin rance na waya. Dubu goma da aka manta da ita tana iya zama tabo na shekaru. Kuma tun 2020, tsarin GSI ya ba bankuna damar cire bashinsu daga kowane asusu da ke kan BVN ɗinka, ko a wani banki yake. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahoton bashinka daga kamfanonin nan uku kyauta sau ɗaya a shekara; karɓa ka duba, in ka ga bashin da ba naka ba, rubuta ƙorafi nan take.

In ka fara samun kuɗi a kai a kai, shiga NHF, asusun gwamnati na ba da rancen gida, ana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na abin da kake samu duk wata. Amma ka sani, Dokar Filaye ta 1978 ta hana gwamna ba wanda bai kai 21 ba shaidar mallakar fili, sai ta hannun waliyyi ko amintacce. In ka sayi fili kafin nan, lauya ya rubuta ƙarara cewa riƙe maka ake yi.