Kafin ka kai tsohuwar Land Rover wurin mai walda don sa rufin tamfol

Masu tsofaffin Land Rover da ke son sauke rufin ƙarfe su koma tamfol, don Allah ku ɗan dakata da walda da huje-huje, kamfani ya riga ya bar wurin ɗaura kusan komai a jikin motar. Ta farko ma ta 1948 da tamfol ta fito, kuma har samfurin Series III da aka yi daga 1971 zuwa 1985 rufin da noti ake ɗaure shi, kwancewa kawai za ka yi ku kama ku sauke.

Fara da sanin wacce gare ka, gajera mai inci 88 ko doguwa mai inci 109, auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Sandunan da ke riƙe tamfol da shi kansa tamfol ɗin na motocin biyu ba ɗaya ba ne, in ka sayi na wata ka yi asarar kuɗinka.

Da rufi ya sauka sai ka dubi bakin bodin baya, akwai wani ƙarfe ruwan toka da ya bi saman shi, a kusurwoyin nan za ka ga ramukan da sandunan rufi ke shiga. Sau da yawa ba a ganin su sai an tona, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta haɗu da fenti ta toshe su ƙam, sa sukundireba ka ƙwaƙule, ka ɗan zuba baƙin mai. Sannan saman firam ɗin gilashin gaba, ramukan da notin rufi ya fita nan ne ake ɗaura ƙarfen da ke riƙe bakin tamfol na gaba, kuma wanga wuri shi ne mai muhimmanci, in bai kama da kyau ba kana hawa titin Illela iska za ta shiga ƙarƙashi ta yi ta kaɗa shi har ɗinki ya ɓalle.

Ƙugiyoyin igiya na gefe, motar da ta fito da rufin ƙarfe wani lokaci babu su, to nan ne kaɗai na yarda a huda a sa da ribit. Amma ka tuna bodin nan alminiyam ne, baƙin ƙarfe in ya daɗe manne da shi sai ka ga wani farin gari yana fitowa, cin bodi ke nan, don haka sa wosha ta roba a tsakani. Walda kuwa mai waldan ƙofar gida kar ya taɓa ta, zai ɓula ma bodi ne kawai.

Ƙofar baya ma, in taka mai buɗewa gefe ce doguwa har sama, sai ka nemo gajera mai saukowa da sarƙa.



Tamfol kuma kar a ɗinka sai an kafa sanduna, a kira mai ɗinkin kushin ya auna a kan motar. Ka zaɓi mai kauri kuma mai launi mai haske, baƙi a ranar Sakkwato cikin Afrilu ai gasa kanka za ka yi. Ka shimfiɗa shi a rana ya yi laushi kafin ka ɗora, ka fara kama gaba sannan ka ja zuwa baya, igiya kar ka ɗaure ta tam ranar farko, na auduga yana tsukewa in ya sha ruwan farko na damina, bayan ya bushe sai ka sake bin ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya ka ja.