Yadda za ka sa ɗalibai su kamu da son darasin kwamfuta tun makon farko

Na koyar da ajin farko na kwamfuta a Garwa ta ƙasar Kamaru, na ga yadda benci ke cika a farkon shekara, kafin wata biyu idanu sun koma taga. Yaran nan ƙwaƙwalwarsu lafiya lau. An dai cika su da tarihin na'ura da kwafar allo, alhali hannunsu bai taɓa komai ba.

Tun ranar farko, kowa ya rubuta 'yar ƙaramar manhajar kwamfuta da za ta yi aiki a gabansa. Ni da lissafin dala nake farawa. Duk yaron da aka taɓa aika kasuwa ya san dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin kuwa sefa 100. Sai mu sa Python, wato wani yaren rubuta wa kwamfuta umarni, ta yi wannan lissafin da layi uku: karɓi adadin dala, ninka sau biyar, nuna amsa. Wanda ya ga kwamfuta ta bi umarninsa, gobe shi zai riga ka zuwa aji. Daga nan a wuce kuɗin buhunan albasa ko awon auduga.

Na biyu, kashe tsoron kuskure, don nan ne mafi yawansu ke karaya. Saƙon kuskuren Python da Ingilishi yake fitowa, yaranmu kuma akasari da Faransanci suka yi karatu, sai su ɗauka sun lalata na'urar. Malam, ka yi kuskure da gangan a gabansu. Cire alamar baka guda, wato ( ko ), bari SyntaxError, saƙon da ke cewa an rubuta umarni ba daidai ba, ta fito, ka fassara musu da Hausa ko Fulatanci, ku gyara tare. Maimaita har su fara rige-rigen gano inda matsalar take.

Na'ura ba ta isa ba? Zaunar da su bibbiyu, ɗaya na bugawa ɗaya na dubawa, su riƙa musanya duk minti 15. A nan ka sa ido sosai, domin sau da yawa 'yan mata ake bari da kallo.

In wuta ta ɗauke, kada ka sallami aji. Ɗalibi ɗaya ya zama kwamfuta, sauran su ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya. Masu wayar Android kuma su sauke Pydroid 3, manhajar rubuta Python a waya, su ci gaba a gida.

A ƙarshen wata, kowa ya kawo lissafi ɗaya daga sana'ar gidansu, ya rubuta masa manhaja, ya gwada ta a gaban aji, sannan ya kai wa mai sana'ar ya duba ko amsar ta yi daidai.