Yadda Ake Ziyartar Birnin Malaka a Yini Ɗaya

Da yawa daga cikin ɗalibanmu da ke karatu a Malesiya, da 'yan kasuwar da ke sauka a Kuala Lumpur, sukan je Malaka su dawo da hotunan jajayen gine-gine kawai, ba tare da sun ga abin da ya ɗaukaka garin ba. Na raka baƙi sau da dama, kuma kuskuren iri ɗaya ne: zuwa a makare, da rashin sanin inda za a dosa.

Da farko, a yi sammako. Motocin safa na Malaka suna tashi daga babbar tashar motoci ta TBS da ke Kuala Lumpur, tafiyar kusan awa biyu ce, kuma wanda bai bar Kuala Lumpur kafin ƙarfe takwas ba zai tarar da rana ta take, ga zafi mai haɗe da gumi. Idan an sauka a Melaka Sentral, wato tashar motocin Malaka, a kira mota ta manhajar Grab zuwa Dandalin Holan, inda jajayen gine-ginen suke, domin kuɗin a bayyane yake, babu ciniki.

A fara da tudun Saint Paul tun da sauran sanyi. A gindinsa akwai ƙofar Porta de Santiago, ragowar ganuwar A Famosa da Turawan Fotugal suka gina bayan sun ƙwace garin daga hannun sarkin Musulmi a 1511. Mutanen Holan sun karɓe shi a 1641, daga bisani ya koma hannun Ingilishi bisa yarjejeniyar 1824. Kusa da ƙofar akwai gidan tarihi na katako da aka yi shi da siffar fadar Sarkin Malaka Mansur Shah. A shiga, domin a nan ne ake ganin Malaka ta kafin Turawa, lokacin da jiragen Larabawa da Indiyawa da Sinawa ke cika tasharta. Jan ginin Stadthuys, tsohon ofishin mulkin mutanen Holan, da cocin da aka gina a 1753, duka a Dandalin Holan, ba sa buƙatar fiye da minti ashirin, kekunan da aka yi wa ado da furanni kuwa ɓarnar kuɗi ce, tunda ko'ina ana zuwa da ƙafa.

Daga nan sai a tsallaka gadar Kogin Malaka, kuma a nan ne akasarin baƙi ke yin asara. Idon da ya saba da ƙubba da doguwar hasumiya ba zai gane tsofaffin masallatan Malaka ba. A zuwana na farko na wuce Masallacin Kampung Kling har sau biyu ina neman inda zan yi azahar, ina zaton wurin ibadar Sinawa ne. Rufinsa hawa uku ne, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, hasumiyarsa kuma fara ce mai kusurwa huɗu irin ginin Sin. An fara gina shi a 1748. A cire takalmi a ƙofa, a nufi tafkin alwala da ke farfajiya, inda ake durƙusawa a gefen ruwa maimakon famfo, sannan a ɗaga kai a dubi sassaƙen mumbarin katako. A wannan layi ɗaya akwai wurin ibadar Hindu da kuma Cheng Hoon Teng, mafi daɗewar wurin ibadar Sinawa a ƙasar. Masallacin Kampung Hulu na 1728 ma ba shi da nisa, kuma bai kamata a bar shi ba. A lura cewa azahar a can sai wajen ƙarfe ɗaya ko bayansa take shiga.

Batun abinci yana buƙatar kula. Titin Jonker unguwar Sinawa ce, kuma shaguna da yawa suna dafa naman alade, har da waɗanda ke sayar da shinkafa da kaza. A nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta Malesiya, ko a shiga rumfar Malayawa a ci asam pedas, wato kifi cikin miyar tsamiya da barkono.

Da yamma a tafi Masallacin Selat Melaka da ke bakin teku, wanda idan ruwa ya cika sai a ga kamar yana shawagi, a yi magariba a can. Tikitin komawa a saye shi tun da safe, musamman ranar Lahadi, lokacin da kujeru ke ƙarewa da wuri.