Yadda Mawaƙa Biyu Za Su Haɗa Kundin Farko Mai Gauraya Rap, Fank da Rok

Gauraya rap da fank da rok a kundi guda aiki ne da ya fi wuya fiye da yadda kunne yake ɗauka, domin sau da yawa abin da yake fitowa shi ne waƙar rap ɗaya, sai ta rok a bayanta, sai ta fank, kowace tana zaman kanta ba abin da ya haɗa ta da 'yar'uwarta. Kundin da ya amsa sunan gauraye shi ne wanda ake jin salon uku a cikin waƙa guda ba tare da an ga ɗinki ba, kuma hakan yana samuwa ne idan an kafa komai a kan ganga da jitar bas tun daga farko.

Kafin a shiga situdiyo, ya kamata mutanen biyu su raba aiki a fili. Misalin da ya fi dacewa a nan shi ne na Gnarls Barkley daga Amurka, waɗanda suka fitar da kundinsu na farko, St. Elsewhere, a 2006. Danger Mouse ne ya riƙe kiɗa da tsara sauti, CeeLo Green kuma, wanda ya taso cikin ƙungiyar rap ta Goodie Mob a Atlanta, ya riƙe murya da baitoci. Kundin ya taɓo rap da fank da rok har da kiɗan soul, amma bai watse ba, saboda hannu ɗaya ne ya gina kiɗan, murya ɗaya ce kuma ta hau kansa daga farko har ƙarshe. Ba dole ba ne rabon kowa ya zama haka, sai dai a san wanda yake da maganar ƙarshe a kan kiɗa da wanda yake da ita a kan kalmomi, tun kafin gardama ta taso ana tsakiyar ɗaukar murya, lokacin da kuɗin situdiyo yake tafiya.

Daga nan sai ganga, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Salon uku duk suna tafiya ne a kan ƙidayar bugu huɗu, bambancinsu yana wurin da kowanne yake ɗora nauyi. Fank, kamar yadda James Brown ya kafa shi a shekarun 1960, yana sauke nauyinsa a kan bugu na ɗaya, sa'annan ya bar sauran wuraren ga ƙananan bugu masu zillewa. Rok yana buga ƙaramar ganga mai kaifin sauti da ƙarfi a kan na biyu da na huɗu, rap kuma ya gaji abubuwan biyu, tun da masu juya faifai na unguwar Bronx da ke New York a shekarun 1970 daga faya-fayan fank suka riƙa ciro wuraren da ganga take bugawa ita kaɗai suna maimaita su. Saboda haka sai a sa babbar ganga ta ƙafa ta faɗo da nauyi a kan na ɗaya, ƙaramar ta tsaya daram a kan na biyu da na huɗu, a saita gudun kiɗan tsakanin bugu 90 zuwa 110 a minti ɗaya. Ƙasa da haka jita takan yi nauyin jiki, sama da haka kuma mai rap yakan fara haɗiye kalmomi.

Jitar bas ce take biye, kuma aikinta shi ne ta manne wa gangar ƙafa ta kuma san lokacin yin shiru. A fank, gurbin da aka bari tsakanin sauti da sauti yana da daraja kamar sautin kansa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a kashe komai a bar ganga da bas kawai na tsawon minti biyu. Idan kan mai sauraro bai fara kaɗawa ba, babu jitar da za ta ceci waƙar, gara a koma a gyara tushe.

Jitar lantarki ita ce mai yawan ɓata lamari. Idan aka ƙara mata kaushin sauti irin na rok, tana mamaye yankin sautin da ke tsakanin Hz 1,000 zuwa 4,000 (Hz ma'aunin kaifi ko zurfin sauti ne), wanda kuma a nan ne kunne yake tsintar baƙaƙen kalmomi, don haka mai rap yana iya fasa maƙogwaro ba a fahimci abin da yake faɗa ba. Maganin yana cikin tsarin waƙar kafin ya zama na injiniya: a lokacin baiti, mai jita ya riƙa buga gajeren kari yana danne tsirkiya da tafin hannu, yana amsa wa murya a inda ta ja numfashi, sai an zo amshi a sake masa mara ya buɗe sauti gaba ɗaya. Haɗuwar ƙungiyar rap ta Run-DMC da ƙungiyar rok ta Aerosmith a 1986, ƙarƙashin furodusa Rick Rubin, ta yi armashi ne saboda karin jitar waƙar Aerosmith ta 1975 gajere ne mai gurabe, kuma waƙar da ma da ganga zalla take farawa. Idan an zo daidaita sauti, a ɗauki jitar sau biyu, a tura ɗaya hagu ɗaya dama, a bar tsakiya ga murya da bas da gangar ƙafa.

Akwai kuma shawarar ko a yi amfani da na'urar ganga ko a kira makaɗa su buga da hannu. Ƙungiyar N.E.R.D, ko da yake su uku ne, sun bar darasi a nan: sun fitar da kundinsu na farko a Turai a 2001 da kiɗan na'ura, sa'annan suka sake ɗaukarsa da makaɗan Spymob suka fitar a 2002, waƙoƙin suna nan yadda suke amma kundin ya koma na rok. A ganina, mawaƙan da ba su da kuɗi da yawa su bar ganga ga na'ura, su kashe abin da suke da shi wajen samun ƙwararren mai bas da mai jita, domin bas ɗin kwamfuta ba kasafai yake iya zillewar da fank yake bukata ba, ɗaukar ganga ta hannu kuma tana cin makirufo da yawa da ɗaki mai kyau.

Batun yanko gutsuren kiɗan wani a saka a waƙa yana bukatar taka-tsantsan. Tun hukuncin da wata kotun New York ta yanke a kan mawaƙin rap Biz Markie a 1991, ya tabbata cewa sai da izini ake yin haka, kuma izinin iri biyu ne, na mai faifan da aka yanko da na wanda ya tsara waƙar. Shi kansa Danger Mouse ya sha takardar gargaɗi daga kamfanin EMI a 2004 saboda amfani da kiɗan Beatles ba izini. Waƙar da ta fi shahara a St. Elsewhere, wadda ta yi mako 9 a saman jadawalin Birtaniya, an gina ta ne a kan kiɗan wani fim ɗin Italiya na 1968, kuma sunayen 'yan'uwa biyu da suka tsara wannan kiɗan, masu suna Reverberi, suna cikin jerin marubutanta. Su ma mawaƙan biyu masu haɗa sabon kundi su rubuta kason kowa a kan kowace waƙa, su sa hannu, su kuma rubuta ko ladan aiki aka biya makaɗan haya ko suna da kaso.

Wajen jera waƙoƙi, kada tsawo ya ruɗi kowa, St. Elsewhere waƙoƙi 14 ne da ba su cika minti 40 ba. A buɗe da waƙar da salon uku suka fi bayyana a cikinta don mai sauraro ya san inda aka dosa, kada kuma a tara masu kaushin jita wuri guda, saboda kunne yana gajiya. Kafin a miƙa kundin, a saurare shi a lasifikar waya da ta mota. Lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai zurfi, don haka idan bas ta ɓace a can, sai a koma a ƙara mata ɗan kaushi yadda za a riƙa jin karinta ko a ƙaramar na'ura.