Yadda zaka yanke wa mai lissafin albashi nashi albashin a Damagaram, kar furoje su ƙwace maka shi

Jama'a akwai abinda patiron-patiron namu na Damagaram suke mantawa dashi in sun tashi ɗaukar mai lissafin albashi, wato shi wannan mutumin shi kaɗai ne a ma'aikatarka yake ganin kuɗin kowa. Ya san abinda direba yake ɗauka, ya san na mai gadi, ya san na ɗan ƙanenka da ka saka a buro wanda baya zuwa sai ƙarfe goma sha ɗaya. To in ka danne mai nashi, duk ƙarshen wata da hannunshi zai buga shaidar cewa ka raina shi. Ni na taɓa aiki a wani kamfanin sufuri nan cikin gari inda kontabul uku suka wuce cikin shekara biyu, kowanne in ya tafi sai albashi ya makara, direbobi su cika ƙofar buro da hayaniya, kuma duk akan jikka talatin da maigidan ya ƙi ƙarawa. Shi yasa nace bari in rubuta yadda ake yi.

Da farko zauna ka rubuta aikin da kake so a maka, dan kalmar "kontabul" ɗin nan ta haɗiye abubuwa da yawa. Wanda zai lissafa ma'aikata takwas a shagon kasuwar Dole ya basu kuɗi a hannu daban, wanda zai riƙe mutum tamanin, ga 'yan kontira ga 'yan aikin yini ga awowin ƙari ga awansi da aka ci tsakiyar wata, ya fitar da takardar albashin kowa, ya cika takardun CNSS, wato asusun fansho da tallafin ma'aikata na ƙasa, ya cire lanho na albashi wato ITS ya kai wa ma'aikatar lanho akan lokaci, shi ma daban. Na biyun nan ba sakatare bane, kar ka mai kuɗin sakatare. In kuma ya iya Sage Paie, manhajar lissafin albashi ta ordinatar, ba Excel kaɗai ba, to ka san kuɗinshi ya hau.

Sai ka duba ƙasan da doka ta shimfiɗa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, SMIG, jikka 42 ne tun Janairun 2024, kafin nan ya daɗe akan sefa 30,047. Amma dan Allah kar kace zaka fara ciniki daga nan, wannan na wanda bai da wata takarda ne, mai takardar karatu ta BTS ko lisansi a lissafi yana can sama a rukunin da yarjejeniyar ma'aikata ta tsara. Ka leƙa ofishin sufeton aiki su nuna maka rukunin da ya faɗa, tambaya ce kawai bata cin komai.

Yanzu ga inda aikin yake, sanin farashin gari. Abokan takararka ba masu shagon kusa da kai bane. Furoje-furoje ne da ƙungiyoyin agaji, da bankuna, da matatar SORAZ wadda tun 2011 take jan masu takarda, sannan ga Yamai, duk da nisan kusan kilomita 900 yaro in ya ji kuɗi hawa bas zaiyi ya tafi. Ka bi sanarwar neman ma'aikata a ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ka tambayi masu kabine na lissafi dan su suna riƙe da littafan kamfanoni da yawa sun san abinda ake biya, ka tambayi abokanka 'yan kasuwa uku ko huɗu, amma wanda zai gaya maka gaskiya ba mai cika baki a fada ba. Kuma duk wanda yazo neman aikin ka tambaye shi nawa yake ɗauka yanzu kuma nawa yake so. In ka tara lambobi biyar shida zaka ga inda tsakiya take, ka yar da na can sama na furoje ka yar da na can ƙasa na masu cin gumin mutane.

Daga nan ka rarrabe burut, wato albashi kafin a cire komai, da net, wato abinda ya saura bayan an cire, nan ne rigima take fitowa wallahi. Kai kana faɗin burut, shi yana jin abinda zai shiga aljihunshi. Mu ɗauki misali kawai, ba nace farashin kenan ba: kace jikka 200 burut. Kason ma'aikaci na CNSS kashi 5.25 ne cikin ɗari, sefa 10,500 kenan sun fita, sannan ITS ya ci nashi, shi kuma hawa yake gwargwadon girman albashi, yana sauka kaɗan in mutum nada iyali a wuyanshi. Kai kuma patiron kana zuba kashi 16.4 daga aljihunka, sefa 32,800, ga ɗan kason ANPE a kai, kaga wanda kake cewa na jikka 200 ne ya haura jikka 232 a littafinka. Ka yi wannan lissafin kafin ka buɗe baki, kuma ranar da kuka zauna ka faɗa mai duka biyun a rubuce. Mutumin da sana'arshi kenan, in ka ɓoye mai, kafin ya kai bakin titi ya lissafa a wayarshi.

Kar ka yanke lamba ɗaya tak. Ka yi hawa uku: na sabon fitowa daga jami'ar André Salifou wanda sitaj kawai yayi, na wanda ya yi shekara uku zuwa biyar yana rufe lissafin wata da kanshi, da na tsohon hannu wanda in masu bincike na CNSS suka zo shi zai zauna dasu kai kana shan shayinka. In kana da mutum sama da hamsin ni dai shawarata kar ka yi arha da na farkon shi kaɗai, arha bata ado, tarar makara guda ɗaya sai ta cinye abinda ka tara a shekara.

To in ka duba ka ga baka iya kamo furoje a kuɗi fa? Baka iyawa ɗin, kar ka wahalar da kanka. Amma su yawanci kontiraginsu na shekara ɗaya ne ko biyu, kuɗin mai bada tallafi ya ƙare kowa ya koma gida. Kai kana iya bada kontira mara wa'adi, ka yi mai rajistar CNSS tun watan farko, kuɗin esansi na moto, kati na waya, taimakon magani in yaro ya kwanta, ɗan abin rago in babbar sallah ta matso, hutunshi na kwana biyu da rabi a kowane wata a barshi ya ci abinshi. Ka sama mai ordinatar mai kyau da batir ko sola, dan rufe albashi ranar 28 ga wata cikin zafin Afrilu in babu kuran azaba ce. Mai iyali a Birni ko Zango da yawa zai zaɓi wannan akan ya kwashi yara zuwa wani gari.

Sai ka rubuta cikin kontiragin yaushe za'a sake duba albashin, misali bayan ya gama watannin gwaji sannan duk shekara, ka saka ranar a wayarka ka kira shi da kanka kafin shi ya zo yana sosa ƙeya yana "Alhaji dama ina son magana". In har ya kai ga faɗin haka, yawanci takardar wani wurin na cikin aljihunshi.