Kurakuran da aka fi yi wajen aiki da Foundry da Hardhat

Foundry da Hardhat kayan aiki ne na rubutawa da gwada kwantiragin Ethereum, wato manhajojin da ke gudana a kan hanyar sadarwar Ethereum. Galibin ciwon kan masu rubuta su daga wuri ɗaya yake fitowa: sun bar kayan aikinsu suna sauyawa ba da saninsu ba.

Ɗauki laburaren OpenZeppelin, tarin shiryayyun kwantiragi da ake ɗora aiki a kansu. Mutum ya buga `forge install` bai faɗi sigar da yake so ba, Foundry ta ɗauko masa sabuwa. A watan Oktoba 2023 aka fitar da siga ta 5.0, inda Ownable, ɓangaren da ke kula da mallakar kwantiragi, ta fara neman a ba ta adireshin mai kwantiragi tun farko, aka kuma cire Counters, ɓangaren ƙirga, gaba ɗaya. Duk wanda ke bin tsohon darasi na siga ta 4 sai ya ga jan rubutu ya cika allo, ya yi ta zargin kansa. Ƙara lambar siga a ƙarshen umarnin, kamar `@v5.0.2`, an wuce wurin. Masu Hardhat kuwa su ajiye `package-lock.json` a cikin git, su riƙa amfani da `npm ci`.

Kuskuren solc, manhajar da ke juya rubutun kwantiragi zuwa bytecode ɗin da Ethereum ke gudanarwa, ya fi ɓoyewa. `pragma ^0.8.0` na nufin kowace siga ta gidan 0.8 ta halatta, to kai da abokin aikinka kuna iya fitar da bytecode daban daga rubutu iri ɗaya, tabbatarwa a Etherscan, shafin da ke gwada rubutunka da abin da ka ɗora, ta ƙi. Siga ta 0.8.20 ta zo da umarnin PUSH0 na sabuntawar Shanghai ta 2023, alhali wasu hanyoyin sadarwa masu kwaikwayon Ethereum ba su karɓe shi da wuri ba. Kwantiragi ya ci gwaji lafiya a kwamfutarka, a can ya ƙi hawa. Rubuta `solc_version` da `evm_version` ƙarara a cikin `foundry.toml`.

Idan ka kwafo aikin wani ka tarar da `lib` fanko, submodules, wato laburaren da git ke ɗaukowa daga wasu ma'ajiyoyi, su ne ba su zo ba: `git submodule update --init --recursive`.

Sai makullin sirri na asusunka, wanda asararsa ba ta dawowa. Ana zuba shi a `.env`, a manta ba a sa fayil ɗin cikin `.gitignore` ba, a tura GitHub. Akwai manhajojin da aikinsu kenan dare da rana, laluben irin wannan ganganci. Goge fayil daga baya bai wadatar ba, tunda git na riƙe da tarihi. Ka kwashe kuɗin zuwa sabon asusu nan take. Tun farko ma `cast wallet import` ya fi, ya kulle makullin da kalmar sirri, ka kira shi da `--account`. Asusun gwaji da Anvil, hanyar sadarwar gwaji ta Foundry, ke bayarwa kuma, kowa a duniya ya san makullansu, kada ko kwabo na gaske ya shiga cikinsu.

Wani ƙarami: `forge script` ba tare da `--broadcast` ba gwaji kawai yake yi, komai kyan sakamakon da ya nuna. Kafin ka tura, duba `forge build --sizes`, domin Ethereum ba ta karɓar kwantiragin da ya haura bayit 24,576.