Babi na Shida: Ido da Kunnen Yaro, daga Shekara Ɗaya zuwa Uku

Kalmar "ji" a Hausa tana ɗaukar kaya da yawa. Muna jin magana, muna jin ƙamshi, muna jin zaƙi, muna jin zafin wuta a fata. Da waɗannan, da kuma gani, yaro yake sanin duniya, kuma shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi saurin ɗauka. Wannan babi na uwa ne da uba da kaka, da duk yarinyar da ake bar wa raino.

Abin da ba ciwo ba ne

Ɗan shekara ɗaya komai ya samu baki yake kai shi: takalmi, ludayi, bakin zanen uwarsa. Da baki yake bincike, kuma yakan rage kafin ya cika shekara biyu. Yana iya tsala ihu in an tayar da injin niƙa ko janareta. Yana son juyi har jiri ya kayar da shi yana dariya, da haka jikinsa ke koyon daidaita tsayuwa. Wajen shekara biyu yakan kawar da kai daga abincin da bai saba ba. A riƙa sa masa kaɗan a gaba, wani yaron sai an yi sau 10 ko 15 kafin ya karɓa. Kada a yi masa ɗura, domin kunu na iya sarƙe shi ya gangara huhu.

Kunne

Yaron da ba ya ji sosai shi ne aka fi daɗewa ba a gane ba, saboda ba ya rigima. Har yabonsa ake yi, a ce mai haƙuri ne, ana daka a kusa da shi bai farka ba. Idonsa ne ke rufa masa asiri: yana ganin an ɗauko kwano ya taho, sai a ɗauka kiran da aka yi ya ji.

Ga ma'auni. A wata 12 yaro na waiwayowa in an kira sunansa, yana gwaranci irin su "baba" da "dada", yana miƙa hannu ko ya nuna abin da yake so. A wata 18 yana da 'yan kalmomi nasa, kuma in an ce "kawo takalminka" ba tare da an nuna ba, zai kawo. A shekara biyu yana haɗa kalma biyu, kamar "Inna ruwa". A shekara uku baƙo ma yana gane mafi yawan maganarsa.

Gwajin gida mutum biyu yake buƙata, da ɗaki marar hayaniya. Uwa ta ɗora yaro a cinya yana kallon gaba. Ɗayan ya tsaya a baya, kamar taku ɗaya babba, daidai tsayin kunnen yaron, inda ba zai gan shi ba, ba zai ga inuwarsa ba. Ya kira sunansa da raɗa, ko ya kaɗa 'yan ƙwayoyin gero a cikin gwangwani a hankali. A yi dama, a dakata, a yi hagu. Uwa kada ta motsa, kada ta kalli wajen ƙarar, domin yaro na bin jikinta. Kuskuren da aka fi yi shi ne tafi ko yar da faranti. Yaron da ya rasa rabin jinsa zai ji wannan, wanda ba ya ji sam ma zai ji iskar tafin ko girgizar ƙasa ya juyo, a tashi da murnar ƙarya. In bai juyo ba, a sake bayan kwana biyu lokacin da ba ya jin barci ko yunwa. In har yanzu shiru, a tafi asibiti. Ko ya juyo, in hankalin uwa bai kwanta ba a tafi, domin gwajin gida ba ya kama ƙaramar matsala.

Ana yawan cewa nauyin baki gadon gida ne, ubansa ma sai da ya shekara huɗu. Rashin ji ma ana gadonsa, don haka wannan dalili ne na zuwa a duba. Kai yaro wurin wanzami a yanke linzami ko a cire beli ba ya kawo magana, sai dai zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Tashi a gidan da ake Hausa da Fulatanci ma ba ya hana baki buɗewa, a haɗa kalmomin harsunan biyu a ƙirga.

Kunnen da ke tsiyayar ruwa na buƙatar magani, in ya kai mako biyu kuma ya zama daɗaɗɗe, yana iya rage ji. A murɗa tsumma mai tsabta kamar lagwani a tsane ruwan sau uku a rana, har kunnen ya bushe. Ban da man gyaɗa, ban da nono, ban da gashin kaza ko tsinken ashana. Kumburi mai zafi a bayan kunne kuwa ba ya kwana a gida. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, irin wanda ya addabi Zamfara a 2017, a nemi a auna jinsa cikin wata guda da sallama, ko da ya warke sarai a ido.

Ido

Ɗan shekara ɗaya yana tsintar ƙwayar shinkafa a tabarma da yatsu biyu, yana gane uwarsa daga ƙofar gida. A rufe masa ido ɗaya da tafin hannu a nuna masa abin wasa, sannan a rufe ɗayan. In gefe guda kaɗai yake fizgewa yana kuka, mai yiwuwa idon da aka bari a buɗe ne ba ya gani da kyau. Harara-garke bayan wata shida ba abin jira ba ne. Ƙwaƙwalwa takan daina aiki da idon da ya karkace, kuma gyaran ya fi yiwuwa kafin shekara bakwai. Fari a tsakiyar baƙin ido, ko ƙyalli kamar idon kyanwa in an haska fitila, a kai shi a makon nan: yana iya zama yanar ido, yana kuma iya zama kansar ido, wadda ake warkewa in an kama ta da wuri.

Yaron da ke laluɓe ko tuntuɓe da magariba yana iya zama da dundumi, alamar ƙarancin bitamin A. Ana ba da shi duk wata shida: shuɗin ƙwanso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja daga wata 12 zuwa shekara biyar. Zogale, manja, hanta, ƙwai, kabewa da mangwaro duk suna da shi. Ƙyanda na cinye bitamin A, shi ya sa take makantarwa, allurarta kuwa sau biyu ce, a wata 9 da wata 15. In ƙyanda ta kama ido, kada a ɗiga ruwan sukari ko na ganye.

Gubar dalma

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yaron da ba ta kashe ba, tana iya taɓa jinsa da fahimtarsa ba tare da wata alama a jiki ba, gwajin jini kaɗai ke nuna ta. Ɗan tatata shi ya fi shiga haɗari, tunda a ƙasa yake wuni, hannunsa kuma kullum a baki. Mai aikin ma'adinai ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shiga gida, kuma kada a kawo dutsen ko buhunsa tsakar gida. Baƙin kwalli na dutse ma yakan ƙunshi dalma, a daina sa wa yara shi. Cin ƙasa bayan shekara biyu yakan zo da ƙarancin jini, a faɗa wa ma'aikacin lafiya.

Ban da gubar dalma, akwai wasu alamun da suka shafi mu'amala: yaro na jin ƙarar leda daga nesa amma ba ya amsa sunansa, ba ya haɗa ido, ba ya nuna wa uwa abu don ta gani, ko ya faɗi da ƙarfi bai nuna ya ji zafi ba. Likitoci na duba lalurar da suke kira otizim a irin wannan. Wanda bai taka ba a wata 18 ma a kai shi a duba. Shiru na 'yan kwanaki bayan an kai yaro yaye gidan kaka ba abin tsoro ba ne, amma wanda ya iya magana ko tafiya sannan ta ɓace masa, a kai shi nan take.

A fara da asibitin da ya fi kusa, a karɓi takardar turawa zuwa Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In ana buƙatar ƙarin awo, akwai Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da cibiyoyin kunne da ido na ƙasa a Kaduna. A tafi da katin rigakafi, da wadda ta fi wuni da yaron, a kuma rubuto kalmomin da yake faɗa da cututtukan da ya taɓa yi. In an tabbatar da rashin ji, a tambayi na'urar ƙara ji, gida duka kuma su fara yi masa maganar hannu tun daga ranar.